Ni da Baba da Gorar Filash

Shekarata goma sha bakwai, amma a sana'ar hoto ni tsohuwa ce tukuf, saura kaɗan haƙorana su fara zuba. Na faɗi haka ne saboda ku 'yan ajinmu da ƙannenku, masu tare ni a hanyar lakwal, wato makaranta, da wayar portabul a hannu kuna cewa, "Ramatu, wai mi ke cikin hoto in ba dannawa ba?" Har zuwa kakar bana, Nafi'u ɗan kawuna ne limaminku. Shi ne ya taɓa ɗaukar kakarmu da yamma a bakin tabki, ya kai mata ta gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye shi buhun gawayin wa aka manta a bakin ruwa. To, ku gyara zama. Zan gaya muku abin da ke cikin hoto, da yadda aparai, wato akwatin ɗaukar hoton babana, ya bar wuyansa ya dawo nawa, alhali ba ni na roƙa ba, ba shi ya so ba.

Babana shi ne Malam Laminu mai hoto, wanda shagonsa ke kallon tashar Madarumfa. Ya koyi aikin a Maraɗi wurin wani Bayarabe, tun zamanin da ake kai fim wanki, a yi ta jira kafin a san ko an yanke wa ango kai. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bakinsa bai taɓa furta Ramatu ba. A gida Uwata yake ce mini, shi ma sai ranar da na yi abin kirki, kuma irin ranar nan ba ta da yawa. A wurin aiki kuwa sunana Turke.

Ga yadda na samo sunan. Baba ba ya ɗora filash a kan aparai kamar masu hoton katin shaida. Ya ce hasken da ya taso daga goshin mai ɗauka ya daki mutum gaba da gaba, fuska takan baje kamar faifai. Shi a gefe yake ajiye filash, sama da kai kaɗan, a bayan wata farar laima mai tausasa haske, sai wani ɗan rediyo kamar kwalin ashana a kan aparai ya riƙa ba shi umarni. Da can yana da ƙarfe mai ƙafa uku da ke riƙe masa. Wata rana iskar tabki ta shiga laimar, ta kwashi ƙarfen da filash ɗin ta kai wa kifaye gudummawa. Da ya samo wani filash, ya dubi gidan, ya ga babu abin da ke zaune banza sai ni. Ina 'yar shekara takwas. Ya karɓo guntun gorar tuƙa jirgi wurin masunta, ya ɗaure filash da laima a kanta da robar tayar keke, ya danƙa mini.

Ya ce, "Daga yau ke turke ce. Turke ba ya magana, ba ya susa, ba ya kallon mai ƙosai."

Cikin ukun nan, har na saki gorar ban cika ko ɗaya ba.

Aikina na farko hoton Mudi masunci ne. Ya kama wata tarwaɗa wadda ko an ce ta haɗiye jaki ba za a yi musu ba, gashin bakinta ma ya fi na Mudi tsari. Ya tsaya a cikin jirginsa, rana tana gangarawa a bayansa, tabki ya yi ja kamar an tuntsurar da garwar manja. Baba ya ce in kashe filash. Ya ɗauka, ya gyara, ya sake ɗauka, sannan ya kira ni ya nuna mini gilashin bayan aparai, abin da ba ya yi wa kowa, don ya ce ba a leƙa tukunya kafin a sauke. Ga tabki, ga jan sama, ga kukokin ƙetare, har da tsuntsaye. Mudi kuwa baƙi ƙirin, shi da tarwaɗar ba a san wanda ya kama wani ba.

"Kin gani? Wuri ya zauna," in ji Baba. "Kullum da wuri ake farawa. Yanzu mu tahi neman mutumin."

Ya kunna filash a ƙaramin ƙarfi, ya tsai da ni a hagun Mudi, ruwa har gwiwata. Ya danna. Mudi ya ɗan leƙo daga duhu. Ya ce in matso. Ya sake dannawa. Sai ga Mudi sosai, da zufar goshinsa da giɓin haƙorinsa, tabkin kuma yana nan da jansa, bai koɗe ba. Na ce a ƙara, don ni a lokacin gani nake duk abin da ya yi daɗi sai a ƙara shi.

"Filash gishiri ne," in ji shi. "In mai cin tuwo ya ce miyar ga ta ji gishiri, an ɓata ta. In mai kallo ya gane an haska, an ɓata hoto."

Matsalar ke nan da buhun gawayin Nafi'u. Fuskarmu baƙa ce, samanmu kuma fari fat. In ka buɗe don fuska, sama da ruwa su ƙone su koma farar takarda, mutum ya tsaya kamar an yanko shi an manna. In ka rufe don sama, mutum ya ɓace. Hasken wuri yana hannun ƙiftawar aparai: in ya ƙifta da sauri wuri ya yi duhu, in ya yi jinkiri wuri ya yi haske, filash kuwa babu ruwansa, don ya riga ya yi walƙiyarsa ya wuce. Hasken mutum kuma yana hannun filash da ƙafar mai riƙe shi. Jakai biyu ne a amalanke ɗaya, kowa da sandarsa. Ƙiftawar ma tana da iyaka. In ta wuce saurin da filash zai iya bi, sai baƙin layi ya shigo ya cinye ƙasan hoto. Baba ya ce yana ɗan koyo ya taɓa ɗaukar 'yan ƙwallon wata unguwa, suka fito kaf ba ƙafafu, Bayaraben ya tambaye shi da me suka ci kofin.

Za ku ce me ya hana a shiga shago, a tsaya gaban labulen nan mai zanen benaye. Akwai masu yi, kuma muna ɗaukarsu. Amma mutanenmu matafiya ne. Wanda ke Libiya ko Abijan ba fuskar uwarsa kaɗai yake son gani ba. Yana son ya ga rumbun da ke bayanta, ya ga ko gawon ƙofar gida na nan, ya ga ko an yi damina. Shi ya sa daga Safo har Sarkin Yamma ake cewa a kira Malam Laminu, shi ne ke fito da mutum da wurinsa.

Wani suna da muka je Safo, iska ta shiga laimar nan ta ɗaga ni sama. Ba don wata mata ta riƙe hijabina ba, da a Jibiya zan sauka ba takarda. Ranar na koyi karkatar da laima ta bi iska kamar filafilan jirgi. A gonar wani manomi na koyi cewa da tsakar rana malafa takan jefa inuwa ta rufe ido, sai an sauke gora ƙasa-ƙasa an lallaɓa haske ya shiga ƙarƙashinta. A bukin mata na koyi cewa wadda ta sha man kaɗe goshinta yakan rama wa filash, don haka nakan bi su da ɗan tsumma ina dangwalewa, suna zagina cikin so. Abin da na fi ƙauna shi ne hoton faɗuwar rana. A lokacin hasken duniya ja ne, na filash kuma fari, in ba a daidaita ba mutum yakan fito kamar mai zazzaɓi. Maganinsa ledar alawa ce ruwan goro, a shimfiɗa ta a bakin filash. Ledar tana koɗewa, dole a sake. Allah ne kaɗai ya san yawan alawar da na sha saboda kishin sana'a.

Amma babban karatun a ƙafata yake. Ba wanda ya koya mini da baki. Ina tsaye ina ganin fuskoki, na gane cewa in na matso kaɗan haske yakan ƙaru fiye da yadda ake zato, in na ja baya kaɗan yakan faɗi haka nan. Na kuma san kukan filash. In ya yi walƙiya yakan yi wani siririn tsiii kafin ya sake cika. A ƙaramin ƙarfi kukan gajere ne, a cikakken ƙarfi kuwa yakan ja shi kamar sauron damina. Maɓallin ƙarfin yana wurina. Baba yakan ce ƙara ko rage, in juya, shi kuma da kunne yake sanin ko na bi.

Sai shekarar da aka rufe iyaka ta zo. Kamiyoyi, manyan motocin kaya, suka jeru a tasha kaji na kwana a ƙarƙashinsu. Suna ya koma na goro da addu'a, ba mai kiran mai hoto. Mutanen ƙauyukan bakin daji suka fara shigowa gari da tabarmi da awaki, saboda masu bindiga. A shekarar ne kuma kalmar rage ta ɓace daga bakin Baba. Zai ɗauka, ya kāre gilashi da tafin hannu, ya kai shi har hancinsa, ya ce, "Duhu. Ƙara."

Alhaji Ɗan Tani mai motoci ne ya fara sha. Kamiyonsa na fari, wanda ya fara lodin wake da shi tun yana saurayi, dole ta sa ya sayar. Ya ce kafin mai saye ya tafi da shi a ɗauke su tare. Ya sa farar babbar riga, ya dafa ƙofar motar, la'asar ta yi sanyi. Baba ya saita wuri, kuma wurin daidai ya zauna, don yatsunsa sun haddace wannan. Da aka zo neman mutum, ya ce ƙara. Na ƙara. Ya ce ƙara. Har filash ya kai ƙarshe yana kuka mai tsawo, Alhaji na ƙifta ido kamar wanda aka watsa wa barkono. Aka gama, mai saye ya ja motarsa ya yi arewa.

Da aka wanko hoton, ga mota tsaf, har rubutun da ke goshinta ana karantawa. Alhaji kuwa kamar an tsoma shi a buhun garin rogo. Ba hanci, ba aikin wuyan riga, sai ido biyu da hula. Ya karɓa a ƙofar shago, ya duba, ya sake dubawa. Da ya yi faɗa da ya fi sauƙi.

Ya ce, "Malam Laminu, motar kam ita ce. Amma wanga ba ni ba ne."

Baba ya karɓi hoton ya kai kusa da fuska, ya ce, "Mi ya same shi, Alhaji? Ai ga ka nan sarai."

Alhaji ya dube shi, ya dube ni, ya sa hoton a aljihu ya tafi. Yaran mota kuwa ba su da irin wannan kunyar. Kafin magariba an raɗa wa Baba mai hoton fatalwa. 'Yan aikin da suka rage suka fara zamewa zuwa wurin masu portabul.

Inna ta riga ni ganewa. Ta ga yana karo da randa, randar da ke wurinta tun kafin a haife ni. Ta ga in an miƙo masa abu ta gefe ba ya karɓa sai an yi magana. Ta ce su je Maraɗi a duba idon. Ya ce idonsa lafiya lau, filash ne ya tsufa, batiran yanzu kuma duk na banza ne. Duniya ce ke yi masa duhu, shi kuma yana ta ƙara wa mutane haske.

To, ni ba zan iya ƙin juya maɓalli ba, don kunnensa na kan kukan. Amma ƙafata tawa ce. In ya ce ƙara, sai in ƙara, in bari ya kafa ido a aparai, in sulale baya gwargwadon abin da na ƙara. Ba ya ganin gefe, don haka ba ya ganina. Zai duba gilashi ya ga duhu, ya sake cewa ƙara, in sake sulalewa, har mu kai ƙarshen maɓalli. Sai ya yi tsaki ya ce, "Filash ɗin ga ya mutu, a bar shi haka nan." A wanko hoto ya fito daidai. Mutane suka fara cewa hannun Malam Laminu ya dawo.

Daminar nan kaf da baya na yi tafiyarta. Na taka akuya, na taka tiren mai gyaɗa, na zauna a cikin kwatami da laima a sama kamar sarauniya. A bakin tabki na ja baya har ruwa ya kai ƙuguna, Mudi ya zo da jirgi yana tambaya ko fito nake so. Har yau in na shiga ɗaki Inna takan ce in juyo, ƙofa ba ta gudu. Muna dariya, amma kowane mako maɓallin yana saurin kaiwa ƙarshe, ni kuma ina ƙara nisa.

Aikin Iya Delu ne ya tsai da ni. Tsohuwa ce daga wata 'yar ruga can bayan Sarkin Yamma, wajen daji. Mutanen rugar sun yanke shawarar tashi gaba ɗaya su dawo gari. Ɗanta da ke Aljeriya ya aiko cewa kafin ta fita a ɗauke ta a tsakar gidan, da rumbun da marigayi ubansa ya gina a bayanta. Muka je a kan babur, Baba a bayan mai kabu-kabu, ni a wani da gora a kafaɗa. Mun tarar an gama ɗaure kaya a amalanke, har kaji an ɗaure musu ƙafa. Mai amalanken ya ce mu hanzarta, ba mai kai faɗuwar rana a hanyar nan yanzu. Kowa ya san ba za a dawo a sake wannan hoton ba.

Gidan ƙarami ne. Iya Delu ta tsaya gaban rumbu da baƙin zanenta, rana ta bayan rumbun. Wurin da zan tsaya shi ne tsakanin turmi da dangar kara. Baba ya saita wuri. Ya ce kunna. Ya danna, ya duba, ya ce ƙara. Na ƙara, na ja baya. Ya ce ƙara. Na ƙara, na ja baya, sai na ji kara a gadon bayana. Na tura, danga ta ƙi. Dangar tsofaffi ce, an ɗaure ta don ta zauna.

"Ƙara," in ji Baba.

Na dubi Iya Delu. Na tuna Alhaji da hularsa. Ban juya maɓallin ba.

"Turke, ban ji kuka ba. Na ce ƙara."

Na ce, "Baba, ba ni da sauran wurin ja da baya."

Ya sauke aparai daga fuskarsa. Ya juyo da kansa gaba ɗaya yana nemana, ya fara duba inda ya ajiye ni, kusa da turmi, bai same ni ba, sannan ya bi danga har ya iso kaina.

Ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun Alhaji."

Jakin amalanke ya kaɗa kunne. Can Baba ya ce, "Shi ya sa kukan ke zo mani daga nesa. Ni na ce ko kunnen ne ya bi idon."

Iya Delu ba ta san abin da ake ciki ba. Ta ce, "Ɗan nan, in faɗa za ku yi ku bari mu kai gari. Ƙafata ba ta daɗe da tsayuwa."

Baba ya cire igiyar aparai daga wuyansa, ya tako, ya laluba kaina ya rataya mini. Igiyar da ɗumi, ta jiƙe da zufarsa. Ya karɓi gorar, ya shafa maɓalli da babban yatsa ya mayar da shi ƙasa. Ya ce, "Wuri tukuna." Ban taɓa ɗaukar kowa ba sai kajin gidanmu a ɓoye, amma na yi shekaru ina kallon yatsunsa. Na kashe rediyo, na ɗauka, na gyara har rumbun ya zauna da jinkarsa da jan saman da ke bayansa. Sannan na kunna.

Baba ya ɗaga gora, amma laimar tana kallon turmi. Na rasa yadda zan ce. Shi ne ya ce, "Iya, ki yi ta magana. Ba ni labarin rumbun ga." Ta ce wane labari ke ga rumbu. Sai kuma ta fara: shekarar da aka gina shi, yadda mai gidanta ya ɗebo laka daga fadama da jaki, yadda ya faɗo daga kansa ya ce iska ce ta ture shi. Tana magana laimar tana juyawa a hankali tana bin muryarta, har ta tsaya daidai kuncinta.

Na danna. Ta ɗan leƙo daga duhu. Sai na ji bakina ya ce, "Baba, matso kaɗan." Ban taɓa ba shi umarni ba a duniya. Ya matso. Na danna. Ga Iya Delu da tsagar fuskarta, da bakinta a buɗe tana tsakiyar labari, ga rumbu. Na karya doka na nuna mata gilashi. Ko kallon fuskarta ba ta yi ba. Ta ɗora yatsa a gefen jinka ta ce, "Ga inda ya ɗaure da igiyar rama. Yaron zai gane."

Washegari Baba da kansa ya ce wa Inna ta shirya su je Maraɗi. Likitan ya ce ba yanar ido ba ce da ake cirewa. Ruwan ido ne ya hau ya danne jijiya, abin da ya tafi ya tafi, abin da ya rage sai a riƙe shi da maganin ɗigawa. Maganin kuma a shekarar nan wata rana a samu, wata rana a ce sai mota ta zo.

Haka muka koma aiki a juye. An yi surutu a tasha, wai 'ya mace da aparai, uba da gora. Baba ya ce duk mai magana ya zo ya riƙe laima a bakin tabki ya gani. Gaskiya kuma ya fi ni iya turke. Iska ba ta ɗaukarsa, ba ya kallon mai ƙosai, magana ce dai shi ma ya kasa bari. Yakan juya kuncinsa ya ji inda rana take, ya ce mini a tsai da mutum nan. Yakan sa kowa surutu don ya saita laima, shi ya sa hotunanmu na yanzu ba mai fitowa da fuskar katin shaida. Alhaji Ɗan Tani ne ya fara dawowa, ya kawo jikokinsa, bai ta da maganar mota ba. In mun tashi aiki, kafin a naɗe laima, Baba yakan juyo da filash wajen fuskarsa ya ce in danna. In danna, ya ce, "Na gani." Da farko yakan ce kamar walƙiyar gabas. Daga baya ya ce kamar ashana a ɗakin maƙwabta. Daga baya sai dai ya ce, "Na gani," kawai.

Bana da aka gama yankan gero, Inna ta ce akwai magana. Mutumin da ya ɗauki rabin Madarumfa ba shi da hoto ko ɗaya a gidansa, sai na katin shaida da ya fito kamar ana nemansa. Shekara da shekaru tana faɗa yana cewa wanzami ba ya son jarfa. Wannan karon ya ce to. Ya ce amma a bakin tabki, inda aka ɗauki Mudi, kuma a buga shi babba yadda ko shi zai iya gani. Saura mai riƙe gora. Nafi'u na zaune a zaurenmu yana latsa portabul, na ce ya taso, tunda dannawa ce kawai aikin, riƙewa ai wasa ne.

Baba ya sa shuɗiyar rigarsa ta Juma'a. Rana ta gangara, tabki ya yi irin jan nan. Na sa sabuwar ledar alawa. Nafi'u ya shiga ruwa, tun ba a fara ba iska na fizgar laima yana rantsuwa cewa da gangan na zaɓi ranar. Baba ya ce masa, "Karkata ta, Nafi'u. Kar ka yi kokawa da iska, ba ka cin ta." Sannan ya ce mini, "Wuri tukuna." Na zaunar da wuri. Na kunna rediyo. Ya gyara tsayuwa, ya juya fuska wajen laima, ya buɗe ido sosai.

Na danna. Filash ya haska shi.

Bai motsa ba. Ya ce, "Danna mana, Turke. Rana za ta faɗi."

A ƙaramin ƙarfi kukan gajere ne, iska da ruwa sun haɗiye shi. Nafi'u ya dube ni. Na yi masa alama da hannu ya juya maɓallin har ƙarshe, ya matso. Na san abin da zai yi wa hoto, ba hoton nake nema ba. Na danna. Hasken ya daki rigar har ta koma fara, tsuntsayen da ke kan jirgin Mudi suka tashi. Baba ko ƙiftawa bai yi ba. Sai kukan ya biyo baya, mai tsawo, tsiii.

Baba ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Wanga kuka na cikakken ƙarhi ne. Wa kike son ki maida fatalwa?"

Na mayar da idona kan aparai.

Ya ce, "Maida shi inda yake, Uwata. Kai kuma ja baya, na ji numfashinka a kunnena."

Nafi'u ya mayar, ya ja baya. Ja ya fara barin ruwa, sai na ɗan jinkirta ƙiftawa don in riƙe abin da ya rage. Na ce Baba ya ɗaga haɓa kaɗan. Na danna.

"Tabkin ya hito?"

"Ya hito."

"Kukokin ƙetare?"

"Suna nan."

"Ni fa?"

"Ka hito, Baba."

"Ana gane an haska?"

"Ba a ganewa."

Ya ce, "To, a naɗe laima."

Mun buga shi babba yadda ya ce. Yana rataye a shago, sama da labulen benaye, duk mai wucewa tasha yana iya leƙowa. Tun ranar Nafi'u bai sake tambayata abin da ke cikin hoto ba. Ku kuma in akwai mai son sani, ya zo da la'asar, ya zo da takalmin da ba ya tsoron ruwa. Gorar tana jingine a bayan ƙofa. Amma sai ya roƙi Baba, don har yau in za mu fita aiki shi ke riga kowa laluba ta.